Ƙaura Namoda: Jirgin ƙasa kaɗai ba zai tayar da ita ba

Duk lokacin da aka tayar da zancen farfaɗo da Ƙaura Namoda, layin dogo ake fara ambata. Dattawa kan ce tun da jirgi ya daina zuwa gari ya kwanta. Ni dai a ganina an ɗauko zancen ta wutsiya. Gyaɗa da auduga ne suka jawo jirgin, kuma da suka ja baya shi ma ya bi sahunsu.

Garin ya girmi zuwan Turawa, sunansa ma na Namoda ne, ɗaya daga cikin jaruman jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Sai dai a 1929, da aka kammala layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, Ƙaura ta zama ƙarshen hanya. Jakuna da raƙuma suka riƙa sauke buhuna daga ƙauyukan kewaye, dillalan kamfanonin Turawa suna awo, kanti da kasuwa suka cika.

To amma me ya sa manomi ya duƙufa kan gyaɗa? Haraji. Bature ya ce da kuɗi za a biya, gero da dawa kuwa na ci ne. Kuma ba manomin ke yanka wa kayansa farashi ba. Da farko kamfanoni ne ke yi, daga 1949 kuma hukumomin sayen amfanin gona suka karɓa, suna saye a ƙasa da farashin kasuwar duniya, rarar ta tafi ayyukan gwamnati. Gyaɗar kuma ɗanya take wucewa zuwa Legas, a matse manta a Ingila. Abin da ke zama a garin bai wuce ladan dako da na awo ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shi ya sa rushewar ba ta yi wuya ba. Farin 1973 ya zo, cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta biyo baya, kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati daga gona. A 1986 aka rusa hukumomin gaba ɗaya ba tare da an kafa abin da zai maye gurbinsu ba.

Ba na ƙin a gyara layin, zai sauƙaƙa kuɗin sufuri. Tambayar ita ce me zai ɗauka. Yau manomin Zamfara fargabar 'yan bindiga ke hana shi zuwa gonarsa ta nesa. Wannan ne aikin farko. Na biyu, injinan matsar mai da gurzar auduga a cikin garin, da wutar da za ta juya su. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya nan a Ƙaura tun 1983, ɗalibanta za su iya ƙera ƙananan injinan su kuma riƙa gyara su, in dai an sa kuɗi.