Masu Goge Karcen Mota, Ku Ji Tsoron Allah

Wallahi na gaji da masu cewa sun iya cire karce daga jikin mota. Ka kai musu mota da ɗan layi a ƙofa, ko sunkuyawa ba za su yi su duba ba, sai ka ji: "Maigida, wannan ai ba komai ba ne, yanzu za ka neme shi ka rasa." Kafin ka buɗe baki an jona inji, an lafta man gogewa, an hau jikin mota.

Jama'a, karce fa iri-iri ne, domin fentin mota hawa-hawa ne. A kan ƙarfe akwai shimfiɗar farko mai tsare shi daga tsatsa, sai launi, sai kiliya a sama, wadda ba ta da launi, ita ke ba da sheƙi, ita ke kare launin daga dukan rana. Duka hawan nan, yadda suke fitowa daga kamfani, ba su cika wuce maikiron 100 zuwa 180 ba (maikiron dubu ne milimita ɗaya). Kiliyar kanta a yawancin motoci wajen 40 zuwa 50 ce, ko kaurin silin gashi ba ta kai ba. Ita kuwa gogewa ba cike karce take yi ba. Kiliyar da ke gefensa ake zaftarewa har ta yi daidai da gindinsa, kuma abin da aka zaftare ya tafi ke nan. A ce mutum yana cin abinci da wannan sana'a bai san haka ba? Ko dai ya sani, ya ƙi faɗa?

Gwajin ma ko minti ɗaya ba ya ci. A wanke wurin, a zuba ruwa. In karcen ya ɓace yana jiƙe, a kiliya ya tsaya, gogewa za ta iya da shi. A ja farce a kai, in ya maƙale, abin ya yi zurfi. In kuwa ana hango toka-tokar shimfiɗar farko ko ƙarfe tsirara, babu wani mai a duniya da zai dawo da launin da ya riga ya fita, sai fenti. Wani sa'in ma ba karce ba ne sam, fentin wata motar ne ya manne a sama, tsumma mai laushi da ɗan man gogewa da hannu sun wadatar.

Tawa motar baƙa ce, karce guda ne a ƙofar baya. Na kai ta aka goge, aka miƙo mini ita a inuwar rumfa tana ɗaukar ido, karce ya ɓace. Da aka wanke ta, ruwan sama ya doke ta, sai ga shi ya dawo daram inda yake. Ashe kaki aka cusa a ciki ya rufe ido. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da rana tsaka ta tona: zobe-zoben inji sun cika faɗin ƙofar, a bakinta kuma, inda fenti ya fi siranta, an cinye kiliya, an cinye launi, har tokar ƙasa ta leƙo. Na koma na nuna wa mai gogewar. Ko kunya babu, ya shafa wurin da tafin hannu ya ce wai fentin ne dama ya tsufa, sai dai a fesa ƙofar gaba ɗaya, in kawo kuɗi.

Feshin ma wata masifar ce. Kowace mota tana da lambar launinta, kamfani ya manna ta, galibi a jikin madogarar ƙofa ko a ƙarƙashin bonet. Amma sai a zauna ana haɗa launi da ido, a lafta bodi fila, wato abin cike lotsawa, inda ko lotsawa babu, ka tashi da ƙofa daban, fenda daban. Ranar da ka zo sayarwa, mai saye ya kalle ta sau ɗaya ya ce motar ta yi hatsari, ya karya farashi. Ka rantse har ka gaji, ba zai yarda karce ne kawai ba.

Ga kuma 'yan tallan intanet da ɗan man su na "shafa sau ɗaya", da masu ba da shawarar man birki ko tina, ruwan tsinka fenti. Man birki cin fenti yake yi! Masu wankin mota su ma ba su fita ba: tsumma ya faɗi cikin yashi, a ɗauka a ci gaba da dirza, bokiti ɗaya tun daga taya har rufi.

Ban ce kowa a sana'ar nan macuci ne ba. Akwai masu auna kaurin fenti da na'ura kafin su taɓa mota, su manna tef a bakin ƙofa, su fara da man da ya fi laushi, in abin ya fi ƙarfin gogewa su gaya maka gaskiya. Amma daga yau duk wanda zai sa hannu a motata sai ya faɗa mini a wane hawa karcen ya tsaya, in ya gama a goge wurin da sifirit kakin ya fita, mu fito rana mu duba tare, sannan ya ga kuɗina.