Man kilishi a bakin zaren leza

Har yau Inna tana gaya wa maƙwabta cewa ɗanta ya tafi Jamus koyon gyaran maikurowef, wato na ɗumama abinci. Na gaji da gyara mata zance.

Aikina a ɗakin gwaji shi ne in ɗauki leza biyu masu gudu cikin zaren gilashi, haske mai tsawon zango nanomita 1550 da ido ba ya gani, in haɗa su a kan wata 'yar na'ura mai mayar da haske lantarki. Kowace tana kaɗawa kusan sau tiriliyan 193 a daƙiƙa. In aka bar tazarar nanomita 0.08 tsakanin tsawon zangon haskensu, bambancin sai ya fito a matsayin sigina mai gigahaz 10, wato mai kaɗawa sau biliyan 10 a daƙiƙa, irin wadda rada ke aiki da ita; ita ma maikurowef ake kiranta, abin da ya rikita Inna ke nan. Kamar goge biyu ne da sautinsu ya ɗan saɓa, sai ka ji wani "wuu-wuu" na uku yana tashi.

Ranar Litinin siginar ta ce ɗauke ni inda ka ajiye. Kwana uku ina fama. Na canza wayoyi, na murɗa zaren hagu da dama, na zargi lezar, na zargi abokin aikina da taɓa min kaya. Har addu'a na tofa wa allon na'urar lokacin da ba kowa.

Ranar Alhamis wata dattijuwa mai kula da kayan aiki ta zare bakin zaren ta ɗora a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Tsakiyar zaren, inda haske ke bi, faɗinta maikuromita 9 ne kacal, gashin kai ma ya ninka ta sau da yawa. Ga wani tabkin mai ya malale a kai, da ɗan jan ɗigo a gefe.

Gabana ya faɗi. Kilishin da Inna ta aiko ne, wanda na ci a ɓoye ranar Lahadi, a ɗakin da ko ruwa an hana shiga da shi.

Na ce, "Ƙila ƙura ce."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Shekara talatin ina wannan aiki, ban taɓa ganin ƙura mai barkono ba."

Ta goge da sifirit, siginar ta miƙe tsaye kamar ba ita ba.

Da dare Inna ta kira. "Kilishin ya yi daɗi? Af, maikurowef ɗin Goggonka ya mutu, na ce kada ta kai wa kowa, ta jira ka dawo."