Ku bar babin Darwin a ajin bayoloji

Tun da wani ya tono labarin nan na cewa Turkiyya ta cire darasin juyin halitta daga manhajar sakandare, guruf ɗinmu na tsofaffin ɗalibai bai huta ba. Labarin fa na 2017 ne amma sai yanzu mutane suka farka, kowa na turawa yana cewa a matsa wa WAEC da NECO su ma su cire, ai Indiya ma ta cire nata daga littafin aji goma a 2023, mu me muke jira. Na tambayi mutum uku ko sun taɓa buɗe babin, shiru kake ji.

Hujjarsu guda ce, wai Darwin ya ce kakanmu biri ne. Bai ce birin da muke gani yau ne kakanmu ba, cewa ya yi mutum da biri tushensu ɗaya, kuma ni ma a maganar Annabi Adamu ba na neman fatawa wurin Bature, amma dan Allah ka san abin da kake ƙaryatawa tukuna. Sauran hujjojin duk na aro ne. Wasu daga littattafan marubucin nan na Turkiyya Harun Yahya masu hotuna masu sheƙi, mutumin da kotun Turkiyyar da suke yabo ta ɗaure shekara 8,658 a 2022. Wasu kuma daga Amurka, abin nan da ake kira tsari na mai hikima, wato wai kimiyya ta nuna wani mai hikima ne ya tsara halittu, wanda sai bayan kotun ƙolinsu ta hana koyar da labarin halitta na Baibul a matsayin kimiyya a 1987 aka sake masa riga aka dawo da shi ta taga. A 2005 alƙali John Jones, wanda Shugaba Bush ne ma ya naɗa shi, ya yanke a shari'ar garin Dover cewa wannan addini ne ba kimiyya ba. Rigimar tsarin mulkinsu ce, su an hana su koyar da addini a makarantar gwamnati, mu kuwa IRK na nan a jadawali da malaminta da jarrabawarta, to kayan wa muke ɗauka? Su kuma yaran da ke karanta rabin shafi su fito Facebook suna cewa kimiyya ta kore Allah, waɗannan ba su isa a ɓata musu tawada ba.

Ni abin da ya dame ni yana kemis. Duk wanda ya girma a shekarun 1980 ya san kulorokwin, ɗacin nan da ƙaiƙayin da ke hana barci, kana susa har jiki ya yi fari amma zazzaɓi ya sauka. Ina yake yau? Ƙwayar maleriya ce ta canja, waɗanda maganin bai kashe ba su suka hayayyafa har suka cika gari, dole Najeriya ta koma haɗin maganin maleriya da ake kira ACT a 2005. Wannan shi ne darasin da ake so a yage. Haka sikila, wadda ta addabe mu har Kano ta yi dokar gwajin jini kafin aure a 2024. Me ya sa ta yi yawa a nan ba a Norway ba? Saboda mai AS ya fi jure maleriya mai tsanani, shi ke tsira yana yaro ya girma ya haifa, Anthony Allison ya nuna haka tun 1954 a Gabashin Afirka. Uwar da ta kwana a asibiti tana danna wa ɗanta ƙafa idanunsa sun yi ɗorawa, likitan da zai duba shi da wannan babin ya fara, haba jama'a.

Idan gyara ake so a horar da malaman bayoloji su iya amsa tambayar yaro ba tare da zagin addininsa ba, malamin IRK ya yi nasa a awarsa. Makarantar da na yi ma ko madubin ganin ƙwayoyin cuta babu, a allo malam ya zana mana shi da alli.