Bashin dala 800 da ya cinye gida: kuɗin lauya ne matsalar

A shekarar 2001, a birnin Houston na jihar Texas, wata dattijuwa 'yar shekara 82, wadda mijinta ya rasu, ta rasa gidanta saboda kuɗin unguwa da bai wuce dala 800 da 'yan kai ba. Ƙungiyar masu gidajen rukuninsu ta bi ta kotu, aka yi gwanjon gidan da ya kai dala 150,000 a kan dala 5,000 kacal. Sai da jaridu suka yi ca kafin gidan ya koma hannunta, majalisar jihar kuma ta yi doka a kan irin wannan.

A Amurka, duk wanda ya sayi gida a irin waɗannan rukunai ya zama ɗan ƙungiya, ko ya so ko ya ƙi, kuma mutane fiye da miliyan 70 ne ke zaune a ƙarƙashinsu. Ana biyan kuɗi duk wata ko duk shekara don gyaran titi, fitilu, shara da gadi. Ba na goyon bayan mai ƙin biya. In ya noƙe, maƙwabcinsa ne zai ɗauki nauyin, wanda shi ma ba daga sama kuɗin ke faɗo masa ba.

Inda nake da ja shi ne abin da ke biyo bayan bashin. Ƙa'idar shari'a a Amurka ita ce kowa ya biya lauyansa, sai dai in doka ko yarjejeniya ta ce akasin haka. To, takardun ƙungiyoyin nan galibi sun riga sun ce akasin haka: mai bashi ne zai biya lauyan da aka ɗauka a kansa. Ka ga ke nan shugabannin ƙungiya ba su da dalilin yin ciniki da lauya, tunda ba aljihunsu zai taɓa ba. Lauyan kuwa kowace wasiƙa kuɗi ce, kowane kiran waya kuɗi ne.

A ce ana bin ka dala 300. An ɗora tarar jinkiri, an miƙa wa lauya, ya rubuto wasiƙa, ya yi rajistar bashin a kan takardar gidanka. Ka yi ta maza ka haɗa ɗari ukun ka kai, kana ganin ka huta. Ashe in dokar jiharku ba ta hana ba, sai a fara zuba kuɗin naka a bakin lauya da tara, asalin bashin yana nan daram yana haihuwa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. In kuma ka je kotu ka yi nasara, ƙungiya za ta biya daga asusun da kai ma kake zubi a ciki. Haihuwar guzuma ke nan, ɗa kwance uwa kwance, lauyoyin biyu ne kawai ke tsaye.

Wasu jihohi sun farga. A California, duk abin da mai gida ya kawo, asalin kuɗin unguwar ake fara cirewa, kuma ba a gwanjon gida sai bashin ya kai dala 1,800, ban da tara da kuɗin lauya, ko ya haura wata 12. Colorado ta ƙara gaba a 2024: kuɗin lauyan da za a ɗora wa mai gida a irin wannan bi-bashi ba zai wuce dala 5,000 ko rabin abin da ake binsa ba, wanda ya fi ƙanƙanta a ciki. Masu suka na cewa ragowar zai koma kan masu biya a kan lokaci. Gaskiya ne, amma a ganina nan amfanin yake. Ranar da shugabanni suka san cewa kuɗin lauya zai fito a lissafin da za su karanta wa jama'a, za su fara ƙwanƙwasa ƙofar mutum su tambaye shi lafiya kafin su kira lauya.

Mu ma abin yana matsowa. Rukunan gidaje a Abuja, irin na Lokogoma da Gwarinpa, suna karɓar kuɗin sabis, kuma an fi jin labarin tsare mota a bakin get ko yanke ruwa fiye da gwanjon gida. Na taɓa zama a taron wani rukuni inda sakatare ya kawo shawarar a ɗauki lauya kan gidaje huɗu da suka yi shekara ba su biya ba. Kowa ya ɗaga hannu, sai wani dattijo ya ce, "Malam Sakatare, in shari'ar ta yi shekara uku, wa zai riƙa biyan lauyan?" Sakatare ya yi ta juya takardun tsarin mulkin ƙungiya, bai samu layin ba. Aka ɗage maganar zuwa zama na gaba, aka wakilta mutum biyu su je gidajen bayan sallar isha'i.