Ba tsufa ne ke hana dattawa amfani da waya ba

Matasa a Kano kan ce tsofaffi ba sa gane wayar zamani, wai kansu ya daina ɗauka. Ba haka abin yake ba.

Ka shiga Kantin Kwari da hantsi, za ka tarar da dattijo yana ɗaukar hoton atamfa ya tura wa abokin cinikinsa na Maraɗi ta WhatsApp, su ƙulla ciniki da saƙon murya. Bai cika rubutu ba, gaskiya ne, amma yawancin manhajojin da Turanci suke, shi kuwa karatunsa na allo ne, ajami ya iya. Ga haruffa ƙanana, ga ido ya yi rauni.

A farkon 2023, da canjin kuɗi ya sa takardun naira suka yi wuya, dattawa da yawa sun koyi tiransifa saboda cefane ya tilasta musu.

Abin da muke kira tsoro kuwa, taka-tsantsan ne. Sun sha jin labarin wanda 'yan damfara suka kira a waya, suka karɓi lambar sirrinsa ta banki, suka kwashe masa kuɗi.