Ina aka kwana da maganar Tsaigumi?

Na karanta labarinku kan kuɗin da aka ware wa tsaro a kasafi. To, nawa ne zai shiga bincike da ƙera makamai a gida? Tun 1964 aka kafa DICON, kamfanin ƙera makamai na gwamnati, a Kaduna, amma jiragen yaƙi na Super Tucano 12 sai daga Amurka muka sayo su. A 2018 aka ƙaddamar da Tsaigumi, jirgi marar matuƙi na sojin samanmu, muka yi ta murna. Turkiyya ta riƙe injiniyoyinta da kyau, yau har Nijar ta sayi jiragenta marasa matuƙi na Bayraktar. Ƙanena soja ne a Zamfara. Wallahi duk daren da wayarsa ta ƙi shiga, mahaifiyarmu ba ta runtsawa.