Mai tura fim a Samaru ya fi manyan kamfanoni sanin kasuwarmu

Daren wata Asabar ɗan ƙanwata, wanda ke karatu a jami'a nan Samaru, Zariya, ya shigo gidana da waya a hannu, fuska a murtuke. Akwai wani fim mai dogon zango da abokansa suka dame shi da zancensa, shi kuwa ya ce wannan karon ta halal zai bi, a wurin masu shi zai saya. Ya shiga shafin kamfanin, ga hoton fim ɗin, ga farashi a dala. Yana dannawa aka rubuto masa cewa ba a sayar da wannan kaya a ƙasarsa. Ya dube ni ya ce, "Kawu, ba bashi na zo nema ba fa, kuɗina ne a hannuna." Muka gwada wani shafin. Can akwai fim ɗin, sai dai katin bankinsa ya ƙi shiga, sau uku. Washegari da hantsi ina wucewa ta bakin kasuwar Samaru na hango shi a rumfar mai cajin waya, ana tura masa fim ɗin kashi goma cif, a kuɗin da bai kai na shayi da burodi ba.

Tun ranar nake juya maganar. An saba cewa mutanenmu ba sa son biyan kuɗin kallo, sun fi son na banza. Ni ban yarda ba. Wanda duk ya taɓa tsayawa a rumfunan tura fim na Sabon Gari ko Tudun Wada da yamma ya san kullum biya ake yi, kuma ba a bin kowa bashi. Haka gidajen kallon ƙwallo: yaro zai hana cikinsa don ya biya kuɗin shiga ranar da Arsenal ke wasa. Kuɗin yana fita daga aljihu. Abin tambaya shi ne me ya sa ba ya isa ga wanda ya yi fim ɗin.

A fara da rufaffiyar ƙofa. Ba yau aka fara raba duniya gunduwa-gunduwa a harkar fim ba. Mai fim yana sayar da haƙƙin nunawa ne ƙasa-ƙasa ko yanki-yanki, ga wanda ya fi taya shi, na wani wa'adi. Waɗanda suka yi zamanin DVD za su tuna faifan da aka yo tsaraba daga Amurka ya ƙi yi a na'urar gida. Ba lalacewa ya yi ba. An raba duniya shiyya shida, Amurka da Kanada na ɗaya, Turai da Japan na biyu, mu kuma aka jefa mu ta biyar tare da Indiya da Rasha. Da intanet ya zo an zaci katangar ta faɗi, ashe sake mata fenti kawai aka yi. Yanzu kamfani yana duba daga inda wayarka ke shiga intanet da ƙasar da aka ba ka katin banki, sai ya yanke abin da za ka gani da wanda za a ɓoye maka.

Shi ya sa mutum biyu za su biya Netflix, ɗaya a Landan ɗaya a unguwar Kongo ta Zariya, amma rumbun da aka buɗe musu ba ɗaya ba ne. Ita Netflix ɗin ma sai a Janairun 2016 ta iso Najeriya, ranar da ta buɗe a ƙasashe 130 lokaci guda. Disney+ ta fara a Amurka a 2019, ta isa Afirka ta Kudu da ƙasashen arewacin Afirka a 2022, ta tsallake ƙasar da ta fi kowace yawan jama'a a nahiyar. Shirye-shiryen HBO kuwa haƙƙinsu a yankinmu ya daɗe a hannun MultiChoice, mai DStv, don haka mai son su sai ya bi ta can. Amazon ta buɗe Prime Video na Najeriya a Agustan 2022 da farashin naira 2,300 a wata, aka yi ta murna, ba a cika shekara biyu ba, a Janairun 2024, ta janye hannu daga zuba kuɗi a sababbin fina-finan Afirka. Duk wannan ba ƙiyayya ba ce, lissafi ne. Amma shi yaron da ke tsaye da kuɗinsa, lissafin wani bai dame shi ba.

Sai farashi, inda nan ne aka fi yin gardama, kuma kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. A tsakiyar 2025 babban tsarin Netflix ya koma naira 8,500 a wata a Najeriya, na waya zalla kuma 2,500. Wannan babban tsarin a Amurka dala 24.99 ne a lokacin. In aka canza namu zuwa dala a canjin lokacin, bai kai dala shida ba. Wato Ba'amurke yana biyan ninki huɗu da ɗoriya na abin da muke biya. Kamfani zai ce, to me kuma kuke so?

Sai dai ba da dala ake auna tsada ba, da gumi ake aunawa. Mafi ƙarancin albashi na tarayya a Amurka dala 7.25 ne a awa, don haka aikin awa uku da rabi ya biya kuɗin watan. A nan mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun Yulin 2024, ga wanda ma ya yi sa'a ana biyansa hakan. Naira 8,500 ta haura kashi goma sha biyu cikin ɗari na albashin, kusan aikin kwana uku ke nan. Malamar makarantar kuɗi a Gyallesu da ba ta ma kai dubu saba'in ɗin ba, ba sai an yi mata lissafi ba. Kuma farashin bai zauna wuri ɗaya ba: a farkon 2024 naira 4,400 ne, ya koma 5,000, ya koma 7,000 duk a cikin shekarar, kafin ya kai inda ya kai. Albashin mutum nawa ne ya ninka a wannan ɗan tsakanin?

Ba zan ɗora wa kamfanonin laifin komai ba. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 ta faɗo daga wajen 460 a kan dala ɗaya har ta wuce 1,500 a shekarar da ta biyo. Wanda ke sayen fim da dala yana karɓar naira, ko bai ƙara ko kwabo ba asara yake yi. Tun 2022 kuma gwamnati ta ɗora wa kamfanonin waje masu sayar da kaya ta intanet karɓar harajin VAT na kashi 7.5, wanda a ƙarshe mai kallo ne ke biya. Akwai kuma wata matsala da ba a cika faɗa ba. Duk inda aka sauke farashi, sai mutanen ƙasashe masu arziki su saka VPN, manhajar da ke ɓoye ƙasar da mutum yake, su yi shigar 'yan Turkiyya ko Ajantina ko Najeriya don su sami arha. Kamfani ya gane, ya ƙara tsananta bincike a kan kati da adireshi. Wanda ƙarin tsananin ke kamawa shi ne ɗan ƙasar na gaskiya, mai katin da dama can da ƙyar yake shiga.

Maganar kati ma abar tsayawa ce. A 2022 bankuna da dama suka rage abin da za a iya kashewa a waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, daga baya suka rufe gaba ɗaya. Sai a tsakiyar 2025 wasu suka fara buɗewa. Shekara kusan uku ke nan mai son biyan halal sai ya nemi asusun dala, ko katin dala na cikin manhaja da ake caje shi canjin bayan fage, ko ya roƙi ɗan'uwa a waje ya biya masa. Yaran da suka fara riƙe waya a waɗannan shekaru sun koyi hanya ɗaya ce ta samun fim, kuma ba ta banki take bi ba.

A kan wannan duka sai a ɗora data. Kallon awa ɗaya a matsakaicin hoto yana iya cin gigabait guda, mai kyau sosai har uku, in ji Netflix da kanta. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50. Ga mai kallo sosai, kuɗin data ya fi kuɗin watan. Ga kuma sabis da ke ɗaukewa da zarar hadari ya haɗu, ga wuta da ba a sa mata rana.

To yanzu a dubi mai rumfa. Da kwamfuta ɗaya da janareta da igiyoyin waya ya warware duk abin da na lissafo. Ba ya tambayar ƙasarka. Yana karɓar tsabar kuɗi ko a tura masa ta banki. Ba ka ƙona data ko kaɗan. Yana da na Indiya da na Turkiyya da na Koriya da aka fassara da Hausa, abin da manyan kamfanonin ba su ma fara tunaninsa ba. Abin da ya fi komai kuma, yana sayarwa da awon da muka saba. Mu mutane ne masu sayen sukari a ƙulli, omo a leda, man gyaɗa a ludayi, kati na naira ɗari. Mai samun kuɗi kullum-kullum, ɗan acaɓa ko tela ko mai faci, ba ya ɗaure kansa da biyan wata-wata da za a riƙa cira ko ya kalla ko bai kalla ba. Yau yana da ɗari biyu, fim ɗaya yake so. Kamfanin waje ya ce sai dai ya ɗauki buhu.

Da Netflix ta saka fim ɗin Sarauniya Amina a Nuwamban 2021, garin nan ya ɗauka, ana ta muhawara a majalisu kan abin da aka yi daidai da wanda aka karkatar a tarihin Zazzau. Na riƙa tambayar masu muhawarar inda suka kalla. A cikin waɗanda na tambaya, masu rajista ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Kada a ɗauka wanke masu turi nake yi. Abin da suke sayarwa ba nasu ba ne, kuma wanda ya fi jin jiki ba Hollywood ba ce, 'yan uwanmu ne na Kannywood. Kamfanin Amurka ya riga ya mayar da kuɗinsa a gida kafin fim ya iso PZ. Furodusan Kano da ya sayar da fili ya yi fim ba shi da wata kasuwa sai mu. Kasuwar faifai ta mutu a hannun turi, shi ya sa suka koma fim mai dogon zango a YouTube, inda kallo kyauta ne, kuɗin talla kuma ya danganta da ƙasar mai kallo. A nan ma rabon shiyya ya biyo mu ta bayan gida: kallo dubu daga Zariya bai kai darajar kallo dubu daga Landan ko Jidda ba a wurin masu talla. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Manhajojinmu na gida irin su Northflix da ta Arewa24 suna ƙoƙari, amma su ma data ɗaya ce, aljihu ɗaya ne. Ko iROKOtv ta kudu, da ta fara tun 2011, a 2020 ta bayyana cewa za ta mayar da hankali kan masu biya daga Amurka da Turai. Ka ji fa, fim ɗinmu ma farashinsa na wasu ne.

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, da aka sa wa hannu a 2023, ta ba da ikon bin masu satar fasaha har a intanet, kuma ya kamata a yi aiki da ita. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kama mai rumfa ɗaya a Kwangila ba zai buɗe shafin da aka rufe ba. Wasu ƙasashen ta ɗaya gefen suka ɓullo. Majalisar Ostireliya ta kira Apple da Microsoft da Adobe a 2013 su yi bayanin abin da ya sa 'yan ƙasar ke biyan fiye da Amurkawa a kan kaya iri ɗaya. Tarayyar Turai tun Afrilun 2018 ta wajabta cewa wanda ya yi rajista a ƙasarsa zai ci gaba da kallon abinsa idan ya yi tafiya zuwa wata ƙasar tarayyar. Mu hukumar kare masu saye ta FCCPC ta sha takun saƙa da MultiChoice kan ƙarin kuɗin DStv, wanda ba laifi, amma ina ganin tambayar da ta fi wannan ita ce ta hanyar biya da awon sayarwa.

Abin da nake ganin zai yi aiki ba ya buƙatar wata sabuwar fasaha. A sayar da fim ɗai-ɗai, da naira, a karɓi kuɗi ta katin waya ko ta masu POS da ke kowace kwana. A yi yarjejeniya da kamfanonin waya kuɗin fim ya haɗa da datarsa. Su kuma 'yan Kannywood, waɗanda ba sai sun jira izini daga Kalifoniya ba, su mayar da masu turi dillalansu: a yi musu rajista ta ƙungiyarsu, a ba su fim mai kyau ranar da ya fita, a raba riba. Rumfunan nan sun riga sun shiga kowace unguwa daga Wusasa zuwa Palladan, kuma babu kamfanin da zai iya gina irinsu da kuɗinsa.

Na koma rumfar nan ta Samaru bayan kwana biyu, na sa wayata caji don in sami dalilin zama. Na tambayi mai ita ko zai yarda ya riƙa ba masu fim kasonsu. Bai ɗago daga kan kwamfuta ba ya ce, "Baba, in za su ba ni mai kyau, ba irin wanda aka ɗauka a silima kawunan mutane na giftawa ba, me zai hana? Amma shekarata shida a nan, ban taɓa ganin wanda ya zo ya ce ga fim, ga lambar asusu ba." Sai wata yarinya ta miƙo masa memori da naira ɗari biyu a dunƙule, ta ce inji Mama a saka mata ci gaban na jiya.